Ranar da Tsamiya ta Kada Dabino

Masana falsafar siyasa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna neman amsar tambaya guda: idan mulki na Allah ne, ina gurbin ƙuri'ar ɗan Adam? An rubuta littattafan da jaki goma ba za su iya ɗauka ba. A kanta an kori malamai daga garuruwansu, an tuɓe sarakuna, an rufe jami'o'i. To ina sanar da duniya, cikin tawali'un da aka san malaman firamare masu ritaya da shi, cewa an riga an warware matsalar. An warware ta ne a Jibiya, a farfajiyar wani masallacin unguwa da ke kallon hanyar kan iyaka, tsakanin magariba da lisha, a cikin wani tulu mai tsagaggen baki. Ina wurin. Ni na riƙe rajista.

Abin da ya tuno mini shi ne azumin bana. Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune da rediyo, malamai biyu suna ta musu. Ɗaya ya ce dimokuraɗiyya shirka ce da aka sa wa kwat, ɗayan ya ce shawara ce da ta je makarantar boko. Daga inda nake ina hango manyan motoci a jere sun doshi shingen kan iyaka. Can tsallake soja ke mulki, nan gefenmu kuwa hotunan 'yan takara sun rufe har bangon makewayi. Aka kira salla, 'yata ta miƙo mini kunun tsamiya, na kurɓa, sai wani ƙwallo da ya tsere wa rariya ya bugi haƙorina. Na tofo shi a tafin hannu, na daɗe ina kallonsa.

Wancan azumin, shekara arba'in ke nan ko kusa da haka, ya faɗo ne a tsakiyar bazara, bayan daminar da ta yi mana ƙarya. Ruwa ya ɗauke tun gero yana da ciki. Abin da aka girbe bai kai mu ko rabin rani ba. Soja ke mulki a nan, soja ke mulki a can, an kuma rufe iyaka, don haka ba ƙuri'a a ƙasa, ba hatsi a kasuwa.

Rana takan fito kamar da fushi ta kwana. Kafin hantsi ƙarfen shingen kan iyaka ba ya taɓuwa, masu gadinsa su koma ƙarƙashin itacen bedi su cire takalma. Mata kan bi busasshen kogi da ƙoƙuna, su tona yashi har hannu ya nutse zuwa kafaɗa, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Da azahar magidanta su jiƙa buhu su lulluɓa, kafin a idar da salla ya bushe ƙamas. Makiyaya na wucewa da shanun da za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Abin da ya fi ciwo shi ne hadari. Yakan haɗo daga gabas da la'asar, baƙi ƙirin, iska ta taso, ka ji ƙamshin ƙasar wani garin da aka yi wa ruwa, sannan ya watse ya bar mu da baki buɗe.

A gidanmu ni ne da Inna, mahaifina ya rasu tun ina kwalejin horon malamai. Sahur ɗinmu fura ce da aka dama da ruwa, domin nono ya zama labari. Buɗa-baki kuwa kwaɗon busasshiyar tafasa ne da kunu tsararo wanda kake ganin gindin ƙoƙo ta cikinsa. Abu ɗaya ne bai yi wuya ba a shekarar: tsamiya. Itatuwanta ba su san an yi fari ba. Kowane gida ana jiƙa ta ana tacewa, kowane bayan murhu akwai tsibin ƙwallayenta.

Ran biyar ga azumi sai ga Kawu Mamman, ƙanen Inna, daga ƙauyensu can gaba da Ɗan Isa, da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ta daji suka biyo, ta bayan duwan, wato 'yan kwastan na can tsallake. Na ce, "Kawu, ba an rufe iyaka ba?"

Ya ce, "Ga mota anka ruhe ta. Jakina bai sauraren rediyo."

Inna tana da wata gora da ta liƙe bakinta da laka, tana rataye a ɗaka. Irin geron da za mu shuka a gonarmu ta Farfaru ne a ciki. Ran goma ga azumi ƙaramar 'yar Kawu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Inna ta sauko da gorar, ta fasa lakar da muciya, ta surfa, ta daka. Daga ranar muka zama masu gona marasa iri, kuma da na bincika, gidaje da yawa a unguwar sun fasa tasu gorar.

Amma akwai rumbu guda da ke cike. Wani dattijo da bai bar magaji ba ya yi wakafin gonarsa ta hanyar Kusa ga masallacinmu, da sharaɗin a ciyar da masu azumi. Duk Alhamis ɗin damina akan yi mata gayya, maza na noma, mata na kai fura. Shekarar da ta gabaci fari ta yi albarka, ragowarta na nan. Al'ada ita ce a buɗe rumbun a goman ƙarshe, a raba, a ci. Makullin yana aljihun limaminmu, Malam Iro, wani siririn tsoho mai ɗinkin hula wanda ba ya dariya sai da gefe ɗaya na bakinsa.

Da Malam ya sanar cewa bana ma haka za a yi, sai na miƙe. Shekarata ashirin da huɗu, ina da takardar shaidar malanta da alƙalami biyu a aljihun gaba. Na ce a adana hatsin ya zama iri, kuma tunda jama'a suka nome shi, a bar jama'a su yanke da ƙuri'a. Na zazzage duk abin da na haddace game da 'yancin ɗan ƙasa.

Malam ya bari na gama. Ya ce, "Ticha, magariba raka'a nawa ce?"

"Uku, Malam."

"In duk Jibiya ta ɗaga hannu ta ce biyu ce saboda zahi, sai ta koma biyu?"

"A'a, Malam."

"To zauna. Wakafi sharaɗin mai shi aka bi, ba yawan hannuwa ba."

Na zauna. Washegari na dawo da shiri. A ƙarƙashin bedi bayan la'asar, lokacin da kowa ke neman abin da zai mantar da shi ƙishi, na ce, "Allah gafarta Malam, da Manzon Allah ya yi wafati, ai ba aya ce ta sauko da sunan halifa ba. Mutane suka zauna suka zaɓa."

Bai ɗaga kai daga hularsa ba. "Sun zaɓi wanda zai tsare hukunci. Ba su zaɓi hukuncin ba. Kai so kake ka ɗora limamin baya gaban na gaba."

Kwana uku muna wannan. Ni ina cewa ra'ayin mutum ɗari ya fi na mutum ɗaya nisa da kuskure, shi yana cewa makafi ɗari ba su kai mai ido ɗaya ganin wata ba, shi ya sa shaidu biyu ke sa gari guda ya ɗauki azumi. Alhaji Nabara, babban mai fataucin dabino daga Agadas, mutumin kirki mai tsoron Allah, yana gefen Malam. Kawu Mamman kuma ba ya gefen kowa, sai dai ya ba da tasa gudummawar ga ilimi.

"Ni na yi voti can gida sau guda," in ji shi. "Takarda ɗaya anka ba ni, anka ce in zaɓa. Na ce tsakanin wa da wa? Jandarma ya ce, tsakanin ta da ni."

Wanda ya karya musun ba ni ba ne, kuma ba na jin daɗin rubuta wannan. Inna ce. Ita da Malam Iro taubasai ne, akwai wasa tsakaninsu tun suna yara, don haka tana faɗa masa abin da ba mai iya faɗa. Da hantsi ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Ta durƙusa a bakin zaurensa suka gaisa, sannan ta ce:

"Malam, tambaya ta kawo ni. Ni ban yi boko ba kamar wanga, ban kuma yi nisa a allo ba kamar kai. Marigayi ya ce a ciyar da masu azumi. Ya ce na wace shekara?"

Malam ya tsayar da allura.

"Don na ga kamar baɗi ma za a yi azumi," in ji ta. "Kuma ita gonar tashi, in kun cinye, da mi za ka shuka ta? Da tawada?"

"Ke dai tun muna yara bakinki bai da ƙyaure," in ji Malam. Amma gefen bakin nan nasa bai motsa ba.

Kwana biyu bai zauna ƙarƙashin bedi ba. A na uku, bayan la'asar, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya kasa maganar gida uku kamar mai kasa tumatir. Ya ce akwai abin da Allah ya yanke, wannan ba a ɗaga masa hannu. Akwai haƙƙin wanda ba zai iya jira ba, mai jego da majinyaci da tsoho, don haka kashi ɗaya cikin uku na rumbun nasu ne yau-yau, ko da duk unguwa ta ƙi, domin yawa ba ya halatta a bar mutum ya mutu. Sai na ukun: tsakanin mai azumin bana da na baɗi, wa ya fi cancanta da ragowar? Ya ce ya duba iya dubawarsa bai ga inda aka yanke ba, amsar tana ga ranar da ruwa zai sauka, kuma shi ba a sanar da shi ba.

"Inda Allah ya yi shiru, ba mantuwa ya yi ba," in ji shi. "Wuri ya bar muna, ya ga abin da za mu yi da shi. Kuma in kuskure za a yi, ban son a tambaye ni ni kaɗai gobe kiyama. Gara mu tahi da yawa."

Na shekara talatin da biyar ina karantar da yara tsarin mulki, ban taɓa ganin wanda ya shata iyakar rinjaye da iyakar malami a numfashi ɗaya kamar wannan tsohon mai ɗinkin hula ba.

Saura tambayar wa zai jefa ƙuri'a. Malam ya ce duk baligin da ke salla a masallacin ko gidansa ya taɓa kai hannu gonar, har da matan da suka dama furar gayya. Alhaji Nabara ya ce to ban da mutanen tsallake, ba su da takardar ƙasa. Malam ya ce shi bai taɓa ganin an tambayi takarda a sahu ba. Kawu ya ce, "Allah shi biya ka, Malam, yau na zama ɗan ƙasa biyu ban biya ko hoto ba."

Tsarin zaɓen aka bar mini, tunda ni ne mai boko. Yawancin mutane ba su karatu, takarda kuma ba ta wadata ba, sai na fito da dabarar da na yi alfahari da ita har zuwa la'asar ɗin ranar. Za a ajiye tulu a bayan zana. Kowa ya shiga shi kaɗai bayan buɗa-baki. Mai son a raba a ci ya jefa ƙwallon dabino, mai son a adana iri ya jefa ƙwallon tsamiya. Alhaji ya ce don kada wani ya rasa abin jefawa, shi zai ba kowa dabino guda ya buɗe baki da shi, sadaka.

Kawu ya ja ni gefe. "Kai Sada, boko ya cinye maka kai? Ka tsai da sunna takara da kayan kunu? Mutum ya yini da ƙishi, ya buɗe baki da dabinon da rabon shi da gani tun bara, ladar na bakin shi, sannan ka ce ya kada shi? Wa zai iya?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Na ba ɓangaren Malam alamar da ke da albarkar Annabi, na bar wa nawa ɓangaren abin da ake zubarwa bayan murhu. An riga an yi shela, ba dama a canza. Na koma gida na zauna a dokin ƙofa, ina ganin gonar Farfaru kwance fayau har kaka.

Inna tana tace tsamiya. Ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari. Ta ce, "Kai wanga, tulun nan, mutum shi kaɗai ka shiga?"

"Shi kaɗai, Inna. Shi ne sirrin ƙuri'a."

"Ba mai leƙe?"

"Babu, sai Allah."

"To," in ji ta. "Shi mun saba da Shi."

Ta yafa mayafi ta ce za ta zaga gaida marasa lafiya. A ranar, ga alama, kusan kowane gida a unguwar akwai marar lafiya.

Aka sha ruwa, aka yi magariba. Na zauna a bakin zana da littafin rajista, ina kiran suna ina sa alama. Maza suka fara, kowa ya shiga sai ka ji ƙwas, ya fito yana kallon ƙasa. Wani tsoho ya daɗe a ciki har na yi gyaran murya, ya fito ya ce bai gama tsotsar ƙuri'arsa ba ne. Sannan mata suka zo ta ƙofar baya, a lulluɓe, hannuwa cikin mayafi. Na lura tulun ya canza murya a lokacinsu, yana wani ƙarrr mai tsawo, na ce a raina tsagar bakinsa ce ke amsa kuwwa. A kwaleji an koya mana kimiyyar sauti.

Da aka gama, Malam da kansa ya kifa tulun a tabarma, Alhaji da Kawu suka rarrabe. Tsibi biyu suka tashi, ɗaya kamar kaza, ɗaya kamar ɗan tsako. Ba wanda ya ce a ƙirga, ido ya riga ya ƙirga, ga kuma ladan yana gyaran murya. Malam ya dubi tsibin, ya dubi wajen da mata suke tsaye, gefen bakin nan ya ɗaga.

"Tsamiya ta rinjaya," in ji shi.

Alhaji Nabara ya miƙe. Ya ce, "Ni dabino na jeha, kuma gobe ma shi zan jeha. Amma jama'a ta yi magana inda anka ba ta izini. Allah shi sa haka ne alheri." Ya miƙo mini hannu. A ƙasashe biyu da ke ƙarƙashin bindiga, an yi zaɓe, wanda ya faɗi ya amince, ba a fasa ko ƙoƙo ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa a ƙofar masallaci, Malam ya yi kamar bai ji ba.

Kada a ɗauka daga nan sai daɗi. An raba kashi ɗayan ga masu jego da majinyata, aka sake kulle rumbu, sauran muka ci gaba da cin tafasa. Goman ƙarshen nan ita ce mafi tsawo a rayuwata. In na wuce sai hira ta tsaya. Wani ya ce mini, "Ticha, ƙuri'arka na da miya?" Aka yi Salla ba ruwa, muka je idi da leɓɓa a tsage, muka dawo ba tuwon kirki. Kowane hadarin da ya watse, ni ake kallo, kamar ni na kore shi.

Ran huɗu ga Salla, da la'asar, ya sake haɗowa. Ba wanda ya ɗaga kai, mun gaji da a yi mana dariya. Sai iskar ta zo da sanyi a cikinta. Ɗigon farko ya faɗi a kwanon rufin makaranta kamar an jefa tsakuwa, na biyu, na uku, sannan sama ta buɗe baki ɗaya. Ƙasa ta yi wani huci, ƙamshin nan da muke ta shaƙa na wasu garuruwa ya zama namu. Indararo ya cika tuluna kafin a gama jera su. Na ga Alhaji Nabara tsaye a tsakiyar titi da babbar rigarsa sharkaf, hannuwa sama. Na ga masu gadin shinge na nan da na can sun fake a rumfa ɗaya. Kawu kuwa rawa yake a cikin taɓo yana kiran jakinsa shugaban ƙasa.

Da sassafe Malam ya buɗe rumbu. Ƙoƙo ɗaya aka yi amfani da shi ga kowa, gida-gida. Kafin rana ta ɗaga mun isa Farfaru, ina gaba da sungumi ina sara, Inna na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Kawu ya ɗora nasa rabon a jaki ya koma ta inda ya fito. Ranar Alhamis aka yi wa gonar masallaci gayyar da ba a taɓa yin irinta ba. Daminar ba ta kai ta shekarun albarka ba, amma ta tsaya har gero ya nuna, kuma da kaka, ba tare da an roƙi kowa ba, dammuna suka riƙa zuwa masallaci a ka da a jaki, har daga tsallake. Azumin da ya biyo baya an ciyar da masu azumi daga wannan rumbu, kamar yadda marigayi ya ce.

Yanzu akwai madatsar ruwa, akwai ƙanƙara a leda, matasa na yin wannan musun a waya da mutanen da ba su taɓa gani ba. Malam Iro da Alhaji da Kawu da Inna duk sun riga mu. Rumbun ya zama ɗakin ajiye tabarmi. Ni kuwa duk ajin da na koyar sai da na ba su wannan labari, a matsayin hujjar cewa imani da ƙuri'a suna iya zama a tabarma ɗaya, in kowa ya san gefensa. Har gobe ina kan wannan ra'ayi, kuma da malaman rediyon nan za su zo, da na nuna musu wurin da aka ajiye tulun.

Abu ɗaya ne ban taɓa sa wa a darasin ba. Washegarin zaɓen na kwashe ƙwallayen na kai aji don koyar da lissafi, muka ƙirga su sau biyu. Rajistata ta nuna mutum tamanin ne suka shiga bayan zana. Dabino ya samu arba'in da biyar. Tsamiya ta samu ɗari biyu da shida.